Matattun firintoci da injin haɗin gida: ta ina ribar take fitowa?

Wani mai gyaran firinta da injin fotokwafi a Tudun Wada, Kaduna, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, shagona ya cika da matattun firintoci da masu su suka yi watsi da su. Ina da jarin naira 300,000. So nake in ƙara sarin wasu a hannun 'yan jari-bola, in ciro moto da rodi, in riƙa haɗa ƙananan injinan sassaƙa da yankan ƙarfe ina sayarwa. Sana'ar za ta fisshe ni?"

Ɗan'uwa, Allah ya sa wa nema albarka. Tunaninka mai kyau ne, kuma na ji daɗinsa. Amma ka fara cire yankan ƙarfe daga lissafinka. An ƙera moton firinta ne don ya ja takarda da kan tawada, rodinta kuma siriri ne, galibi milimita 6 zuwa 8. Da ka ɗora masa baƙin ƙarfe zai fara rawa, moto ya tsallake taku, aiki ya karkace. Wannan aikin sai moto babba irin NEMA 23 da gangar jiki mai nauyi, kuma galibi ba daga firinta ake samunsu ba.

Abin da kayan firinta ke iya ɗauka shi ne aiki mara nauyi mai son daidaito: rubuta suna da hasken leza a kan katako ko fata, yanka soso da zazzafar waya don kwalliyar wurin biki, huda allon kayan lantarki, da naɗin kwayil. Na ƙarshen nan na fi so ka duba. Je ka zauna wurin masu gyaran fanka da tiransifoma ka ga yadda suke naɗa waya suna ƙirga a ka. Injin da zai naɗa ya kuma ƙirga da kansa, ba sai ka yi dogon talla ba.

Batun sari kuwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Yawancin firintocin tawada na yanzu ba su da moto mai taku, wanda ake ce wa sitefa, wato mai juyawa taku-taku a ƙidaye. Nasu moto ne mai waya biyu da wani siririn zirin roba mai layi-layi da ke gaya masa inda ya kai. Wanda kake nema yana cikin tsofaffin firintoci masu allura irin Epson LX-300, da sikana, da manyan injinan fotokwafi. Ka tafi da sukuddireba, ka buɗe a gaban mai kaya. Moto mai taku wayoyinsa 4 ne, ko 5, ko 6. Murza bakinsa da yatsa, za ka ji yana tafiya ƙyas-ƙyas. Idan ka haɗa bakin wayoyi biyu na kwayil ɗaya ka sake murzawa ka ji ya yi tauri, wannan kwayil ɗin na da rai. Sai ka karanta takardar da ke jikinsa: mai digiri 1.8 taku 200 yake yi a zagaye guda, shi ne na aikin tsanaki, mai 7.5 taku 48 ne kacal, ka bar shi wa injin naɗi. Rodi kuma ka mirgina shi a kan gilashi, in ya yi tsalle ya lanƙwashe, ka bar musu.

Saboda haka a watan farko ko firinta ɗaya kada ka saya. Fara da na shagonka, bayan ka sanar da masu su, domin kayan amana ne har sai sun ce sun bar maka. Abin da ya rage na jan ƙarfe da alminiyom da ƙarfe ka ware kowanne daban ka kai sikeli. Warewar ta fi kuɗi a kan ka miƙa su a dunƙule.

Inda kuɗinka zai tafi na gaske ba moto ba ne. Allon Arduino, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba injin umarni, da direbobin moto irin A4988 masu raba wa moto wuta, da boris, da kan leza in za ka sa, duk sababbi za ka saya. Manhajar GRBL, wadda ake sa wa allon don ya tafiyar da injin, ita ce kawai kyauta. Ga walda da gangar jiki, wanda a kasuwar Panteka ta Kaduna za ka samu masu hannu da za su yanka maka daidai awo in ka kai musu zane. Ga kuma wuta: ɗaukewarta a tsakiyar aiki asarar katakon mai kaya ce, don haka sa batir da inbata cikin lissafi tun farko. Ni a ganina kada injin gwaji ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarinka, sauran ya tsaya a gyaran firinta da ke ciyar da gida.

Sayar da injin shi ne abin da na fi ji maka tsoro. Kayan kwance ba sa zuwa iri ɗaya; wanda ka sayar wa yau, in motonsa ya ƙone bayan wata biyu, ba lallai ka samu irinsa ba, kuma sunanka ne zai ɓaci. Ajiye injin farko a shagonka ka sayar da aikinsa: sunaye a jikin maƙalin makulli, allon ƙofar ofis, kyaututtukan biki da na walimar sauka. Kowane aiki ka rubuta kuɗin kaya, da wuta, da lokacin da ya ci. Bayan wata uku littafin zai nuna maka ko akwai riba. In wani ya gani ya ce a haɗa masa, karɓi kafin alƙalami da zai sayi sababbin kayan, ka kuma tanadi moto na biyu irin wanda ka sa masa kafin ka miƙa.

Wajen kwance injin fotokwafi ka rufe hanci saboda garin tawadar da ake ce wa tona, ka sauke cajin kafasito kafin ka kai hannu. Leza kuma ba a kunna ta sai da tabarau na musamman, kai da yaran shago duka.