Mai goyo a watan azumi: yaushe za ta sha, kuma me za ta biya?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da goyo ɗan wata huɗu, nono kaɗai yake sha, ga yayansa mai shekara bakwai. Tun da aka kama azumi, da azahar ta yi sai nono ya janye, yaron ya yi ta tsala kuka, ni kuma jiri na ɗibata. Surukata ta ce su da goyo suka yi azumi suna daka da surfe, wai ragwanci ne kawai irin na matan yanzu. Shin in sha azumin? In na sha, ramuwa zan yi ko ciyarwa? Sannan babban ya nace sai ya yi azumi. Kuma nakan ɗanɗana miya in ji gishiri.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa, Allah ya raya miki zuri'a.

Shayarwa ita kaɗai ba ta halatta shan azumi. Abin da ke halattawa shi ne tsoron cutuwa, ko ga uwa ko ga jariri. Mace da yawa na shayarwa ta kai azuminta lafiya lau, kuma mai yiwuwa surukarki tana cikinsu, don haka ba ƙarya ta yi ba. Sai dai jiki ya bambanta, kuma Shari'a halin da kike ciki take dubawa. Anas ɗan Malik Alka'abi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce Allah ya sauke wa matafiyi azumi da rabin salla, ya kuma sauke wa mai ciki da mai shayarwa azumi. Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah sun fitar da shi. Rangwamen da Allah ya bayar, babu mai ikon kiransa ragwanci.

Abin da kika kwatanta, yaro ɗan wata huɗu da ba shi da wani abinci sai nono, nonon kuma yana ɗaukewa tun azahar, uzuri ne karɓaɓɓe. Ki fara gwada gyara sahur, ki jinkirta shi zuwa dab da alfijir, ki yawaita ruwa da kunu tsakanin magariba da asuba, ki rage aikin rana. In duk da haka yaron bai ƙoshi ba, ki sha. In kuwa kin ga fitsarinsa ya ragu ya yi ja, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya iya kama nono, to shan azumi ya zama wajibi a kanki, kuma ki kai shi asibiti a ranar. Ba sai kin sha watan duka ba. Kina iya yin yau ki huta gobe, gwargwadon yadda jikinki da nasa suka nuna.

A kan abin da za ki biya, malamai sun saɓa. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta aka karantar da mu a ƙasar nan, Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai shayarwa, in ta ji wa ɗanta tsoro, kuma ba ta samu wadda za a ɗauka ta shayar da shi ba, ko ya ƙi karɓar nonon wata, to ta sha ta ciyar. Wato za ta rama kwanakin, ta kuma ba miskini mudu ɗaya a kan kowace rana. Mai ciki kuwa, a mashhurin zance, ramuwa ce kawai, domin hukuncinta na marar lafiya ne. Hanafawa sun ce dukansu ramuwa kaɗai. An kuma ruwaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Umar cewa ciyarwa ta wadatar. Wannan maganar ta ƙarshe tana yawo sosai a wayoyin mata saboda sauƙinta, amma limaman mazhabobi huɗu duk sun wajabta ramuwa, kuma ni ban ga dalilin da zai sa mace mai ƙarfin ramawa daga baya ta bar ta ba. Abin da nake ba ki fatawa da shi: ki rama, ki ciyar. In babu halin ciyarwar, ramuwar ta isar miki in Allah ya so.

Mudun da ake nufi mudun Annabi ne, cikin tafuka biyu na matsakaicin mutum, ba tiyar kasuwa ba. Ki bayar daga abin da kuke ci, gero ko dawa ko masara ko shinkafa. Maigida ya ɗauke miki wannan da saninki, ya yi kyau, ɗansa ake yi wa. Ramuwar kuma tana da yalwa har zuwa Sha'aban, kamar yadda Nana A'isha (RA) take jinkirta tata, kuma ba dole a jere ba. Lokacin sanyi ya fi sauƙi. In wani azumin ya riske ki ba ki gama ba saboda uzurin bai yanke ba, babu laifi kuma babu ƙarin ciyarwa. Wanda ya yi sakaci ne ake ɗora wa mudu.

Ɗan shekara bakwai azumi bai hau kansa ba sai ya balaga. Amma Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ce suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan abinci a miƙa masa har lokacin buɗa-baki ya yi. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Tun da shi ya nema, ki tashe shi sahur, ki bar shi ya kai azahar ko la'asar, ranar da ba makaranta ya gwada kaiwa magariba. Da ya galabaita a ba shi ruwa. Kada a doke shi, kada kuma a bar yara su riƙa yi masa waƙar tsokana ko gori, domin hakan ne ke koya wa yaro shan ruwa a ɓoye a bayan randa.

Ɗanɗana miya ba ya karya azumi matuƙar ba abin da ya wuce maƙogwaro. Malikawa sun karhanta shi, Ibnu Abbas kuma ya ce babu laifi mai azumi ya ɗanɗana abin da ke cikin tukunya. Ki taɓa da bakin harshe in akwai buƙata, ki tofar, ki kurkure baki.

Surukarki kuwa kada ki yi musu da ita. Ki sa maigidanki ya yi mata bayani cikin ladabi, ko ya karanta mata wannan amsar.

Wallahu a'alam.