Tambaya da Amsa: Zan iya yi wa mariƙin fistol ɗina zanen wuta da kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni mazaunin jihar Texas ne a Amurka, na sayi fistol ƙirar Glock 19 ta hanyar doka, aka bincika bayanaina tsaf kafin a miƙo min, kuma ba komai nake da ita ba sai zuwa filin koyon harbi ranar hutu. Matsalata ita ce hannuna akwai zufa, in na yi harbi kamar ashirin sai in ji tana sulɓi kamar na riƙe sabulu, ga kuma wasu gurabun yatsu da aka yi mata a gaban mariƙin da sam basu dace da hannuna ba. Toh na ga wasu a YouTube suna ɗaukar ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo suna ɗiɗɗiga jikin robar, abin ya fito gwanin sha'awa wallahi. Dan Allah in yi da kaina ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Zaka iya, ba wani abin tsafi bane, mutane da yawa a nan Amurka sun maida shi abin sha'awa kamar yadda wani ke zama yana gyaran tsohuwar mota, amma kafin ka jona ƙarfen nan a wuta inaso ka riƙe abu ɗaya a ranka, robar da ka narkar ba ta dawowa. Duk sauran bayanin da zan yi maka a kan wannan yake tafiya.

Abin da ka gani sunansa sitifilin, wato a bi mariƙin da ƙarfe mai zafi ana masa ɗigo-ɗigo har ya yi kaushi, wani ya yi kamar bayan kada, wani kamar samfefa, wani kuma yayi ta tsara shi kamar saƙa. Kuma dalilin da yasa hakan ke yiwuwa shi ne jikin ba ƙarfe bane. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fito da fistol mai jikin roba a 1970, VP70, sai dai bata yi kasuwa ba, sai da Gaston Glock, mutumin Ostiriya da a da sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi, ya ci gasar sojojin ƙasarsa a 1982 da Glock 17 sannan duniya ta waiwayo. Lokacin har an tsorata a Amurka ana cewa ga bindigar roba da na'urar filin jirgi ba za ta gani ba, alhali saman nata, wato ɓangaren da ke ja da baya in an yi harbi, da bututun duk ƙarfe ne mai nauyi, wannan surutun ne ma ya kai ga dokar 1988 da ta hana ƙera bindigar da na'urar gano ƙarfe ba za ta iya kamawa ba. Robar kanta dangin nailan ce, kuma nailan yana narkewa ne tun daga wajen digiri 220 zuwa 260 da 'yan kai a ma'aunin Celsius, shi kuwa ƙarfen soda in ka barshi yana wuce 400, kaga kenan ba sai ka danna ba, taɓawa kawai ta isa.

Ni na farko da na yi ban ji daɗinsa ba. Ba ma a kan bindiga na fara ba Allah ya taimake ni, tsohon gidan harsashi ne na roba da ya tsage, na zauna a gareji na rufe ƙofa saboda sanyi, wanda shi ne kuskure na ɗaya, don hayaƙin nan mai ɗaci ne yana shiga ido yana kama maƙoshi, kafin minti goma kaina ya ɗauki ciwo. Layi uku na farko sun yi kyau har ina murmushi, ashe ƙarfen bai gama zafi bane, da ya gama sai na ga bakinsa ya nutse tsulum, na zaro shi da sauri ya taho da wani siririn zare na roba kamar yanar gizo-gizo, wurin ya yi rami ya yi ƙyalli. Na ce bari in gyara ramin da na kusa da shi, shima ya zurma. Ka san garin gyaran gira akan rasa ido, haka na ƙare da abu kamar wanda ɓera ya gaigaya. Da a ce jikin fistol ne da shikenan.

Kuma a nan ne maganar ta fi nauyi, don mutane da yawa basu san cewa a dokar tarayya ta Amurka wannan ɓangaren robar na Glock shi ne bindigar ba. Ba saman ba, ba bututun ba. Juya taka ka duba ƙasan gaba, zaka ga wani ɗan falle na ƙarfe an dasa shi cikin robar ɗauke da siriyal lamba, toh wannan lambar ita ke cikin takardun da ka cike ranar da ka saya. In ka lalata jikin ba kamar marfin waya bane da zaka yi oda a kawo maka ƙofar gida, sabon jiki sabuwar bindiga ce a wurin hukuma, sai ta hannun dila mai lasisi da sabon bincike. Ita kuma lambar kar ka kuskura ƙarfe ko samfefa ko fenti su je kusa da ita, tun dokar 1968 aka wajabta ta, kuma riƙe bindigar da aka goge ko aka ɓata lambarta laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 5, kuma kar ka dogara da cewa zaka ce tsautsayi ne. Ka liƙe wurin da tef tun kafin ka fara komai.

Sai maganar ƙwari. Jikin nan da kake gani ba ko'ina kaurinsa ɗaya ba, gefen mariƙin inda gidan harsashi ke shiga siriri ne sosai, in zafi ya daɗe a wurin sai bangon ya lotsa ciki ko ya karkace ba tare da ka lura ba, sai ranar da kaje fili ka danna maɓalli gidan harsashin ya ƙi faɗowa. Akwai kuma ƙarafan da aka zuba cikin robar waɗanda saman ke gudu a kansu, da ramukan fil-fil da ke riƙe kayan ciki, duk waɗannan ba wurin ado bane. Haka zoben da ya kewaye kunama, wasu na kankare ƙasansa don ɗan yatsan tsakiya ya samu wuri, toh amma yawancin kuben roba a wannan zoben suke kamawa su ce ƙas, in ka rage shi da yawa kube ya daina riƙewa, kuma bindigar da ke zamewa daga kube masifa ce. Kunamar kanta da duk wani abin kariya na ciki ni dai shawarata babu ruwanka da su, wannan ba ado bane kuma.

Garanti kuwa ka ɗauka ya tafi daga ɗigon farko. Kuɗinta ma a kasuwa yakan faɗi, don abin da ya yi maka kyau ya dace da tafinka wani yana gani zai ce wa ya yi wa baiwar Allahn nan haka.

Toh me zaka yi? Gurabun yatsun da kake kuka da su sun nuna min ko Glock ta ƙarni na uku, wato fitowa ta uku, gareka ko na huɗu, an fara su ne a 1998, kuma ba kai kaɗai suka dama ba, shi yasa da aka fito da ƙarni na biyar a 2017 kamfanin da kansa ya cire su. Na huɗun da ya zo a 2010 yana da ɓawon baya da ake canzawa ya ƙara kauri, in shi gareka duba cikin akwatin ƙila suna nan baka taɓa gwadawa ba. Zufa kuma, fara da abin da ake cirewa, akwai tef mai kaushi da ake yankawa daidai ƙirar kowace fistol irin na Talon, akwai rigar roba ta Hogue da ake zurawa, ka yi wata biyu da su ka gane ina ne ainihin hannunka ke sulɓi, sau da yawa sai ka tarar ɗan wuri ne kaɗan a gefen hagu inda tafin ɗaya hannun ke kwanciya, ba duka mariƙin ba. In har yanzu zuciyarka na kan zanen, ka ƙona tsoffin robobi har ka gaji, jikin tsohon injin huda, akwatin kayan aiki, duk abin da ba zaka yi kuka ba in ya lalace, a wuri mai iska, da takunkumi in zaka goga samfefa don da yawa cikin robobin nan akwai zaren gilas a ciki. Kuma in ranar ta zo, a tabbatar ba harsashi, a sake tabbatarwa, a kai harsasan wani ɗaki daban, a raba saman da jikin tukuna. Kar kuma ka yi kaushin da yawa, wanda yake da daɗi a harbi goma shi ne ke saɓule fata a harbi ɗari biyu, kuma yana cin riga.

In kuma zaka ba gwani ne, akwai masu yi da hannu akwai masu yi da leza wanda ke fitowa tsaf kamar daga kamfani, sai dai ka tabbata yana da lasisin tarayya, tunda wanda ke karɓar bindigogin mutane yana gyarawa a matsayin sana'a dole ne ya zama yana da shi. Wannan ya shafe ka kaima nan gaba, in hannunka ya faɗa abokai suka fara kawo nasu suna biyanka, ka fita daga sha'awa ka shiga sana'a kenan.

Da ni ne mai son koyon zane zalla, da irin SIG P320 zan nema, wadda sojojin Amurka suka zaɓa a 2017 suka sa mata M17. A ita lambar na kan wani ƙarfen ciki ne da ake zarewa, robar waje kuwa riga ce kawai ana saida ta daban, ka ɓata ka sayi wata.

TAMBAYA: Malam ni mace ce, nima ina zuwa harbin gasa, baƙin launin fistol ɗina ne ya ishe ni, ana iya canza mata launi?

AMSA: Ana iya wa 'yar uwa. Rini dai baya kama baƙar roba, sai mai haske kamar ruwan ƙasa ake iya rinawa ta yi duhu. Abin da aka fi yi shi ne Cerakote, wani fenti ne mai sinadarin tangaran da ake fesawa a gasa, kuma robar ba a gasa ta da zafin da ake gasa ƙarfe, shi yasa wannan aikin gara a kai wa masu shi, kar ki ce zaki yi a obin ɗin kicin. Fentin gwangwani na feshi yana yi amma duk inda hannu da kube ke goga zai ɓare ya yi dabbare-dabbare. Ki leƙa littafin dokar gasar da kike shiga kafin ki taɓa komai, ko ta ƙungiyar harbin gasa ta USPSA ce ko ta IDPA, kowane rukuni da abin da ya yarda a canza.

Sai dai ni akwai launin da bana so, kuma zan faɗa ko da za a ji haushina. A 2021 wani kamfani a jihar Utah ya yi wa Glock riga mai ja da rawaya da shuɗi sak tubalan wasan yara na Lego, aka yi ca a kansa, kamfanin Lego ya aika masa takardar gargaɗi ya janye. Ni a ganina gaskiyar masu surutun ne, yaro ɗan shekara huɗu bai san wata doka ba, launi yake gani. Birnin New York ma ya hana a yi wa bindigar gaske irin waɗannan launuka masu ɗaukar ido, saboda ɗan sanda cikin dare ya iya bambance ta wasa da ta gaske. Ki duba dokar garinku, in kuma akwai yara a gidan toh ko wane launi ce tana cikin akwati a kulle.

TAMBAYA: Malam ya batun jikin robar nan da ake saidawa ba a ƙarasa ba, mara lamba, mutum ya ƙarasa da kansa a gida?

AMSA: Wannan kam ba a shafin nan ba ɗan uwa, ƙera bindiga daban yi mata kwalliya daban. Abin da zan iya gaya maka shi ne tun 2022 hukumar ATF mai kula da dokokin bindiga a matakin tarayya ta sa irin waɗannan kayan haɗin a sahun bindiga, sai da lamba da binciken mai saye, aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙa'idar a watan Maris na 2025, kuma jihohi irin su Kalifoniya da New Jersey nasu dokokin sun fi na tarayya tsauri. Ka nemi lauya a jiharku ko dila mai lasisi ka tambaye shi.