Tambaya da Amsa: Ashar da ƙarfafa gwiwa a waƙoƙin rap na neman suna

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙane ɗan shekara 17 wanda ba ya rabuwa da waƙoƙin rap na Amurka, musamman waɗanda mawaƙi ke ba da labarin yadda ya taso cikin talauci har ya yi suna. Da na nemi fassarar wasu baitoci, sai na tarar da ashar da batsa waɗanda kunne ba zai iya ɗauka ba. Na yi masa magana, ya ce ni zagin nake ji, shi kuwa saƙon yake ji, domin waƙoƙin ne ke hana shi karaya. Shin waƙar da ke cike da ashar za ta iya ƙarfafa gwiwa, ko yaudarar kansa yake yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika ji yana cikin waƙoƙin, abin da ƙanenki ya ji ma yana ciki, kuma sau da yawa a baiti ɗaya suke haɗuwa. Rap ya samo asali ne a unguwar Bronx ta birnin New York a farkon shekarun 1970, tsakanin matasa baƙar fata da 'ya'yan baƙin da suka zo daga tsibiran Karebiyan, a zamanin da birnin ke dab da tsiyacewa, gidaje suna ƙonewa, aikin yi ya yi ƙaranci. Wanda ya tashi a irin wannan wuri, idan ya sami makirufo, kirari yake fara yi wa kansa, ya yi wa abokan hamayya zambo, ya kuma shaida wa duniya cewa ya tsallake abin da ya cinye tsararrakinsa. Daga nan labarin tashi daga babu zuwa ɗaukaka ya zama ƙashin bayan wannan waƙa, kuma da harshen titin da aka yi rayuwar ake ba da shi.

Damuwarki ta daɗe a ƙasar da aka haifi waƙar. A 1985 wata ƙungiyar iyaye da Tipper Gore, matar Sanata Al Gore a lokacin, ke cikin jagororinta ta kai batun kalaman waƙoƙi gaban Majalisar Dattawan Amurka, ko da yake a lokacin kiɗan rock aka fi sa wa ido, kuma a 1990 kamfanonin waƙa suka daidaita tambarin gargaɗin iyaye, mai launin baƙi da fari, da ake mannawa a jikin faifai. A farkon shekarun 1990 kuma C. Delores Tucker, baƙar fata mai fafutukar kare haƙƙin jama'a, ta tashi haiƙan tana yaƙi da waƙoƙin da ke ci wa mata mutunci, wanda ke nuna cewa ƙorafin daga cikin gida ma ya fito.

A ganina ashar ɗin iri biyu ne, kuma rarrabe su shi ne aikin. Akwai mawaƙin da zai kwatanta daren da aka yanke musu wuta, mahaifiyarsa tana ƙirga ragowar kuɗi a kan tebur, takardar korar haya tana manne a ƙofa, sai zagi ya kuɓuce masa a ƙarshen baitin saboda takaici. Ban ce ya kyauta ba, amma an san inda zafin ya fito. Akwai kuma wanda kowane layi sai ya kira mace da sunan wulaƙanci, ya lissafa waɗanda ya yi lalata da su kamar yadda yake lissafa motocinsa, domin ya lura cewa hakan ke sayar da waƙa. Wannan na biyun ba ya ƙarfafa kowa, sai dai ya koya wa yaro cewa raina mace yana cikin ladan da ake samu idan an yi suna. Akwai hanya mai sauƙi ta gane bambancin, domin galibin waɗannan waƙoƙi suna da tataccen bugu da ake yi wa gidajen rediyo, inda ake shafe kalmomin ashar. Idan aka saurari tataccen kuma labarin ya tsaya da ƙafarsa, to akwai saƙo, idan kuwa ramuka ne kawai suka rage a tsakanin kiɗa, to dama babu komai sai zagin.

Kada kuma a ce sai da ashar ake ɗaukaka a wannan fage, domin Will Smith, wanda tare da DJ Jazzy Jeff ya karɓi kyautar Grammy ta farko da aka ware wa rap a 1989, ya yi suna ne da tsabtataccen harshe. A ɗaya ɓangaren, Kendrick Lamar ya sami kyautar Pulitzer ta kiɗa, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fasaha na Amurka, a 2018 da faifan da ke ɗauke da tambarin gargaɗi, saboda haka samun ashar a waƙa bai isa hujjar cewa babu fasaha ko tunani a cikinta ba.

Abin da ya fi damuna, fiye da zagin kansa, shi ne hoton ɗaukakar da ake nuna wa ƙanenki. Wanda ya yi nasara kaɗai ake ji, dubban da suka bar makaranta suka bi wannan hanya ba su kai ko'ina ba kuwa babu mai buga musu faifai. Kuɗin da kamfani ke ba sabon mawaƙi idan ya sa hannu a yarjejeniya tamkar bashi ne, sai an cire shi daga cinikin waƙoƙinsa kafin ya fara ganin riba, kuma motoci da gidajen da ke cikin bidiyo sau da yawa na haya ne. Waɗanda suka kai ƙololuwar ma ba duka suka tsira ba. An harbe Tupac Shakur a Las Vegas a 1996 yana da shekara 25, aka harbe Notorious B.I.G. a Los Angeles a 1997 yana da 24, ƙwaya kuma ta yi ajalin Mac Miller a 2018 da Juice WRLD a 2019. Mafi gaskiyar waƙoƙin neman suna su ne waɗanda ke faɗin wannan ɓangaren, wato kaɗaici da rashin barci da rashin sanin wa ke ƙaunarka don Allah.

Shawarata ita ce kada ki ƙwace masa waya, domin zai ci gaba da saurare a ɓoye, ke kuma ki rasa bakin magana. Ki ce ya zaɓi waƙar da ya fi so, ya fassara miki ita baiti bayan baiti da bakinsa, inda ya kasa furtawa a gaban yayarsa kuwa shi da kansa zai gane dalili. Sannan ki tambaye shi abin da waƙar take sa shi yi idan gari ya waye, ko karatu da koyon sana'a ne, ko kuwa mafarkin sarƙar zinariya. Manhajojin sauraron waƙa irin su Spotify da Apple Music suna sa harafin E a gefen waƙar da ke da ashar, suna kuma da wurin da ake rufe irin waɗannan, sai ku yi shawara tare ya koma sauraron tatattun.