Amfilifayata mai bawul tana shaƙewa in na ƙara murya: ina gyaran yake?

Tambayar wannan makon ta fito daga wani ƙauye a yankin Gumel, daga wani mai gyaran rediyo. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

“Malam, na haɗa amfilifaya da hannuna. Manyan bawul ɗin EL34 ne guda biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, wutar da ke kansu 400V. A gabansu akwai 12AX7 guda ɗaya, rabinsa na ƙara sauti, ɗaya rabin na raba sautin gida biyu. In murya tana ƙasa, daɗinta ba a magana. Amma da na murɗa sama sai ta fara gurnani, in aka buga ganga mai ƙarfi kuma sai ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo. Wani abokina ya ce in ƙara wani 12AX7. Ko in bi shawararsa?”

Malam, sannu da aiki, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina wannan shafi ina amsa tambayar waya da kwamfuta, kuma raina ya yi fari da na ga har yanzu akwai mai zama da dalma yana haɗa bawul da kansa, wato kwalaben gilashin nan masu ƙara sauti na tsofaffin rediyo.

Kafin komai, kafasitocin da ke cikin wannan akwati suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare filogi. Ka sauke ta da resisto, ka auna da mita ka ga ta sauka, sannan ka sa hannu. In kana awo tana kunne, hannu ɗaya a aljihu, ƙafa da takalmi, yara kuma su fita daga shagon.

Shawarar abokinka kada ka bi ta. Ya ga murya ta gaza sai ya ɗauka ƙarin sauti ne ya yi kaɗan, alhali 12AX7 ya fi 'yan'uwansa ƙara sauti, ninkinsa a takarda ya kai 100. Abin da ba shi da shi ƙarfin ƙirji ne. Abin da ke ratsa shi bai wuce 1mA da ɗan ɗoriya ba, turjiyar cikinsa kuma ta haura 60k, wato om dubu 60. Ka ɗauke shi kamar yaro mai zaƙin murya da aka ce ya tura amalanken shanu cike da gero. Ko ka kawo masa wani yaron irinsa, muryar ce za ta ƙaru, amalanken na nan inda yake.

Ga lissafin. EL34 mai 400V a faranti, wato ƙarfen da ke karɓar babbar wuta a cikin bawul, yakan zauna da bayas, wato tsayayyar wutar da ke saita shi, na kusan -35V a girid, inda sauti ke shiga. Kafin ya ba da duk ƙarfinsa, sai sautin da ke shiga girid ɗin ya yi lilo 35V sama, 35V ƙasa, wato 70V daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa. Kana da su biyu, kuma rabin 12AX7 guda ne ke fitar da sautin duka biyun, ɗaya ta faranti ɗaya ta katod, wato ƙarfen da ake ɗumamawa a cikin bawul. Ke nan lilon 140V kake nema daga jikinsa, shi da galibi ake ba shi 250V ko ƙasa da haka, kuma irin wannan mai rabawar ba ya ƙara sauti ko kaɗan. Yana kaiwa iyakarsa tun EL34 ba su fara gumi ba. Gurnanin da kake ji daga nan yake fitowa. Da EL84 ka sa, waɗanda kusan 10V ke isarsu, da ba ka ji wannan matsala ba.

Kafin ka taɓa dalma, ka auna wutar shagonka. A takarda 230V muke da ita, amma mu da muke karkara mun san ƙaramin janareta da yadda yake yi in an jona masa kaya da yawa. In ta faɗi zuwa 180V, wutarka ta 400V ta koma kusan 310V, hita mai ɗumama bawul, mai 6.3V, ta koma ƙasa da 5V. Direba, wato bawul ɗin da ke tura EL34, wanda dama numfashinsa bai isa ba, shi ne farkon shaƙewa. Ka gwada ta da sitabilaiza ko janareta mai ƙarfi. In ta gyaru da rabi, ka san inda rabin ciwon yake.

Gyaran gaske shi ne ka ba EL34 direba na kansu. Wannan hanya tsohuwa ce. D.T.N. Williamson ya wallafa tsarinsa a mujallar Wireless World ta Ingila a 1947, kuma abin da ya yi ke nan: bayan mai raba sauti ya sa wani mataki, kowane babban bawul da mai tura shi. Ka nemi 12AU7, wanda Turawan Yurof ke kira ECC82, ko 6SN7. Ninkinsu kusan 20 ne kawai, amma turjiyar cikinsu ba ta kai 8k ba, kuma suna ɗaukar wuta ninkin ba ninkin ta 12AX7. Kowanne yana da rabi biyu, rabi ɗaya ga kowane EL34.

Ka sa resisto 47k mai 2W a kowane faranti, ka auna su da mita ka zaɓi biyu da suka zo daidai da juna. Katod biyun ka haɗe su, ka kai su ƙasa ta resisto guda, ka fara da 820 om. Wutarsa ka ɗebo daga 400V ta resisto 4.7k da kafasito 47µF mai jure 500V, za ka samu kusan 360V. Abin da nake so ka gani a kowane faranti shi ne 160V zuwa 180V, wato kusan 4mA ke nan a kowane rabi. In ya yi nisa da haka, resiston katod za ka sauya. Da an yi wannan, 12AX7 ɗinka ba zai fitar da fiye da kusan 6V ba, aikin da yake yi cikin natsuwa.

Kada ka ga ƙafafun 12AU7 iri ɗaya ne da na 12AX7 ka zare wannan ka cusa wancan a kan resistocin da. Zai yi ƙara, amma ka ba shi abincin yaro ne. Sannan ka duba taransifomarka, domin 12AU7 zai ƙara wa layin hita 300mA, 6SN7 kuma 600mA. A zafin bazara irin na Gumel, taransifomar da ta riga ta cika ba za ta daɗe ba.

Ɗaukewar da take yi bayan bugun ganga kuma wani abu ne dabam. In sauti ya wuce bayas, girid ɗin EL34 yakan fara jan wuta, ya cika kafasiton da ke tsakaninsa da direba, bawul ɗin ya toshe har sai kafasiton ya huce. In 0.22µF ko fiye ka sa, ka sauko zuwa 0.047µF. Da resiston girid 220k, sai ƙasa da kusan 15Hz zai fara rage sauti, kunne ba zai ji rashi ba. Ka ƙara resisto 4.7k a manne da ƙafa ta 5 ta kowane EL34. Kuma don Allah waɗannan kafasitoci biyu ka sayi sababbi masu 630V in ka shiga Sabon Gari a Kano. Na takarda da ake cirowa daga tsofaffin rediyo suna yoyon wuta, su ci bayas, ka ga farantin EL34 ya yi ja kamar garwashi.

In kana mayar da wani ɓangaren sauti daga lasifika zuwa matakin farko, ƙarin wannan mataki zai iya sa ta fara tut-tut-tut kamar babur na tsaye. In ka ji haka, ka bambanta girman kafasitocin matakan biyu sosai, na tsakanin 12AX7 da direba ya fi girma, sannan ka rage abin da kake mayarwa.

Ka tambaya a ƙarshen saƙonka ko waya za ta iya tura ta. Za ta iya, domin abin da waya ke fitarwa bai cika wuce 1V ba, kuma bayan wannan gyara ya isa har ya yi yawa. Ka dai zare cajar yayin saurare, ita ce ke yawan kawo zuzun da ake ɗora wa bawul laifinsa. In ka gama, ka aiko mini da awon faranti biyun da na katod, da janareta da kuma ba da shi ba, mu duba tare.