Ku Tambayi Masana: Komawa Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa Ido da Ido a Lokacin Korona

Wasiƙun wannan fitowa daga Kumasi ta ƙasar Ghana suke, tun lokacin da ake tsakiyar annobar korona, ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa na cikin unguwa ne suka amsa su.

Tambaya: Ɗana yana karɓar allurar ciwon ƙwaƙwalwa duk wata. Tun da aka yi kullen korona muka daina zuwa, kuma da farko lafiyarsa ƙalau. Yanzu ba ya barci, yana magana shi kaɗai. Nas ta ce mu dawo, amma ina da ciwon suga, ina tsoron cunkoson asibiti. (Wata uwa, Aboabo)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A kai shi cikin makon nan, kar a jira annoba ta wuce. Kullen Kumasi da Accra ya fara ranar 30 ga Maris 2020, mako uku kacal ya yi, amma yankewar magani da ya jawo ta fi shi daɗewa nesa ba kusa ba.

Lafiyar da kika gani da farko ragowar allura ce. Irin su fluphenazine da haloperidol na wata-wata a cikin mai ake haɗa su, jiki yana zuƙa a hankali, shi ya sa mutum kan yi makonni babu alamar komai. Idan ragowar ta ƙare, rashin barci kan riga sauran alamu zuwa. Kar ki bari wani mai kemis ya yi masa allurar da ya saba. Bayan dogon hutu sai an sake duba shi, sau da yawa da ƙaramin awo ko da ƙwayoyi ake farawa, domin allurar da ta shiga tsoka ba ta fitowa idan ta sandarar masa da wuya ko harshe.

Ke kuwa ki zauna a gida. Mutum ɗaya da yake jin maganarsa, kawunsa ko wansa, shi zai raka shi da katin asibiti da kwalayen tsofaffin magunguna. A kira nas tukuna a karɓi lokaci. In akwai mai tari, zazzaɓi ko rashin jin ƙamshi a gidan, a faɗa mata a waya. Ba korarsa za a yi ba, wurin zama dabam za a ba shi. A tirotiro, wato bas ɗin haya, su nemi kujerar bakin taga. Sannan mai rakiya ya tuna wa nas ta sa ya sauke takunkumi na ɗan lokaci, daga nesa, don rawar leɓe da motsin harshe da dalalar yawu, waɗanda maganin kan jawo, duk a bayan takunkumi suke ɓuya.

Idan ya fara barazana ko maganar kashe kansa, a wuce da shi asibitin Komfo Anokye ko na Tafo a ranar. Kar a ɗaure shi da mari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kare haƙƙinsa, hukumar da ke kula da fannin kuma ta haramta ɗaure marasa lafiya a 2017. Addu'a da ruƙiyya su ci gaba, maganin ma ya ci gaba.

Tambaya: Ina jagorantar zaman masu jinya da iyalansu a wani ajin makaranta. Mun koma waya, amma da yawa ba sa ɗauka. Yaya za mu dawo da zaman? (Wani ɗan agaji, Asawase)

Amsa: Malam, kar ka kira kowa rana ɗaya. Fara da waɗanda waya ta gaza a kansu: wanda ba a ji ɗuriyarsa ba, wanda maganinsa ya yanke, mai farfaɗiyar da faɗuwa ta dawo masa, mai jegon da ta daina kula da jariri. Wanda yake lafiya kuma yana ɗaukar waya ya ɗan ƙara haƙuri.

Abin da aka fi sakaci da shi iska ce. Za ka ga an goge tebur har yana ƙyalli, tagogi kuwa a rufe, alhali ta numfashi korona ta fi yaɗuwa. Ka nemi aji mai tagogi a ɓangarori biyu masu kallon juna, a buɗe su duka da ƙofa. In akwai fanka ta tsaye, a ajiye ta bakin taga tana kallon waje don ta fitar da iskar ɗakin. Idan ta kalli mutane, numfashin wani take kai wa wani. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango ba ta shigo da sabuwar iska, juya tsohuwar take yi. Rumfa ko gindin bishiya sun fi aji, sai dai a zango ido da kunne sun yi yawa, kuma wanda ya san maƙwabta na saurare ba zai buɗe baki ba. A zaɓi bayan makaranta bayan an tashi yara.

Yawan mutane daga kujeru ake gane shi. Jera su da tazarar aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, biyu in da hali. Adadin da ya shiga shi ne adadinku, ragowar a ba su wata rana. Zama kar ya wuce awa ɗaya, kamar yadda aka ƙayyade wa masallatai da aka buɗe su a Yuni 2020. Tsakanin rukuni da rukuni a bar ajin a buɗe babu kowa. A rubuta suna da lambar wayar kowa a littafin da ba a barinsa kan tebur.

A bakin ƙofa a sa bokitin Veronica, wato mai famfo na wanke hannu, da sabulu da abin tarar ruwa. Don goge kujeru da hannun ƙofa, duba jikin kwalbar bilic, wato ruwan kulorin na wanki: mai kashi 5 cikin 100, awo ɗaya a ruwa awo 49, mai kashi 3.5, awo ɗaya a 34. A fara wanke datti da sabulu, a shafa, a bar shi da danshi minti ɗaya. Kullum a haɗa sabo, kar a gauraya shi da wani sinadari, kar a fesa wa mutum. Bilic da man tsaftace hannu su zauna hannun mutum ɗaya, don a irin wannan zama akwai mai fama da giya, akwai wanda rayuwa ta isa.

Wanda ciwonsa ke sa shi zargin mutane, rufaffun fuskoki kan firgita shi. Tsaya daga nesa a waje, nuna masa fuskarka, faɗi sunanka, sannan ka mayar da takunkumi. In ya ƙi sa nasa, a gan shi a fili maimakon a yi ta jayayya.

Tambaya: Mai shan maganin ƙwaƙwalwa zai iya karɓar rigakafin korona? (Wani tela, Sabon Zongo)

Amsa: Zai iya, ɗan'uwa, kuma kar ya tsallake maganinsa ranar allurar. Rigakafin ya iso Ghana tun 24 ga Fabrairu 2021. Inda ake taka-tsantsan shi ne zazzaɓi. Mai shan lithium, idan zazzaɓi, amai ko gudawa suka busar masa da jiki, maganin kan taru a jini ya zama guba, ibuprofen da diclofenac kuma suna ƙara hakan. Ya sha parasitamol da ruwa, ya kira likitansa kafin ya sha ƙwaya ta gaba. Mai shan clozapine kuwa, zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro na nufin gwajin jini a ranar, ko da kowa na cewa maleriya ce.