Tambayoyi da amsoshi: Darasin satar fasaha a makaranta, yana shiga kunnen yara kuwa?

Jama'a assalamu alaikum, wannan satin tambayoyi uku na ɗauko da suka zo kusan a kan abu guda, ta farkon ce ta fi tsaya min a rai shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta.

Tambaya daga wata Hajiya a Shari'u Mansur, Makka: Malam, yarona shekararsa 15, ya dawo daga makaranta yana ba ni labari wai an tara su an yi musu lacca a kan satar fasaha, cewa sauke fim ko gem ba tare da biya ba sata ce. Wallahi a daren nan na same shi yana sauke fim a Telegram. To wannan karatun yana da amfani ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Hajiya, Allah Ya shirya mana su baki ɗaya. Gaskiya lacca zalla wadda babba zai tsaya a gaba yana cewa haramun ne, sata ce, za a kama ku, ba kasafai take canza yaro ɗan 15 ba, kuma ba wai don yaronki ba ya jin magana ba ne. Shi a tunaninsa sata ita ce a ɗauke abu mai shi ya neme shi ya rasa, to shi da ya sauke fim yana ganin ai fim ɗin yana nan inda yake, babu wanda ya yi kuka. Tun 2004 kamfanonin fina-finai na Amurka suke saka wani talla a farkon faifan DVD suna kwatanta sauke fim da satar mota, matasa suka mai da shi abin wasa a intanet. A 2024 ma masu bincike a Jami'ar Portsmouth da ke Ingila sun gwada saƙonni irin na barazana a kan manya, suka ga mata suna ja da baya amma maza kuma sai ma niyyarsu ta ƙaru. In manya haka, ina ga samari masu tashen balaga da suke ganin duk abin da aka hana shi ne mai daɗi.

Doka kam tana nan, kar a ce babu. Tun 2003 Saudiyya ta yi dokar haƙƙin mallaka, wadda a lokacin ta tanadi tara har riyal 250,000 da ɗauri har wata shida, kuma akwai SAIP, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasar, da ke sa ana toshe shafukan satar. Amma yaro ya duba ajinsu kaf bai ga wanda aka taɓa kamawa ba, to da me za ki tsorata shi?

Abin da na ga yana aiki da idona shi ne wannan. Kwanaki wani yaro ya kawo min wayarsa shago nan Jidda, ta ɗau zafi kamar an ɗora ta a kan murhu, batir ba ya kai azahar, talla na faɗowa ko ba a taɓa ta ba. Ashe wani gem ya sauke daga wani shafi da aka ce masa an fasa shi, komai kyauta. Ban ce masa uffan a kan halal ko haram ba, na dai jawo kujera na ce zauna ƙanina, na buɗe saitin na nuna masa izinin da ya ba manhajar da hannunsa: karanta saƙon tes, ganin lambobin mutane, shiga hotuna. Na tambaye shi layin wa ke cikin wayar, ya ce na Ummansa ne, na ce to duk lambar sirrin da banki ya turo mata wannan abin zai iya karantawa kafin ita. Hajiya sai da na ga yaron nan ya haɗiye yawu, shi da kansa ya ce a goge komai. Minti goma ne, amma na tabbata ya fi laccar awa guda zama a kansa, don abin ya taɓa nasa.

Sai ɗaya ɓangaren da mu manya ba ma son a faɗa. Gidajenmu nawa ne babu risibar nan ta IPTV, mai kawo tashoshi ta intanet ta bayan fage, da ake sabuntawa da 'yan riyaloli a shekara ana kallon ƙwallo da duk tashoshin duniya? Yaro ya ji malami ya ce sata ce, ya dawo gida ya tarar da Baba yana kallon wasa da ita, wa zai bi? Kuma abin da ya rage satar waƙoƙi a duniya ba wa'azi ba ne kaɗai, sauƙi ne ya zo, Spotify ya shigo ƙasar nan a 2018, a shekarar aka sake buɗe sinima bayan fiye da shekara 30, ga manhajar kallon fina-finai ta Shahid ga YouTube. In hanyar halal ta yi arha ta yi sauƙi mutane da kansu suke binta. Ki zauna da shi ku duba me yake kallo, in da hali a biya masa guda ɗaya, in babu a nemo na kyauta na halal.

Tambaya daga wani malamin makarantar yamma a Hindawiyya, Jidda: An ba ni minti 40 in yi wa ɗalibai magana a kan wannan, me zan yi da su?

Amsa: Allah Ya gafarta Malam, ni da ni ne ba zan fara da doka ba. Ka sa kowa ya yi wani abu nasa, zane ko ɗan bidiyo ko baiti biyu, sai ka ɗauki na ɗaya ka rubuta sunan wani a kai ka yaba wa wancan a gaban aji, ka ga yadda mai abin zai miƙe tsaye yana rantsuwa nasa ne. Daga nan maganar haƙƙi ta shigo da kanta, kuma kai ka fi ni sanin yadda addini ya tsananta a kan haƙƙin wani. Sannan ka kawo musu misali na gida, 'yan fim ɗin Kano da masu tura fina-finai a waya suka karya wa kasuwar faifai har da yawansu suka koma sakin shiri a YouTube, waɗannan mutanenmu ne, iyayen yaran suna kallonsu kullum. Minti goman ƙarshe kowa ya ciro wayarsa a duba izinin manhajoji tare.

Tambaya daga wani ɗalibi a Madina: Yaya, ni fa ba ni da kuɗin Office ko Photoshop kuma aikin makaranta nake yi, sannan GBWhatsApp ma satar fasaha ce?

Amsa: Ƙanina na fahimce ka sosai, rashin kuɗi gaskiya ne ba ƙarya ba, amma ba ka buƙatar fasasshe ko ɗaya. LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel, Google Docs da Google Sheets ma haka, GIMP zai yi maka yawancin aikin hoto. Ka kuma tambaya a makarantarku ko suna ba ɗalibai asusun Microsoft, wasu suna da shi ba su ma sani ba. Shi kuma GBWhatsApp kwafin WhatsApp ne da wasu suka sauya ba da izinin kamfanin ba, babu shi a Play Store, ba ka san wa ke ganin saƙonninka ba, kuma WhatsApp na rufe layin da ya kama da shi. Ka fara adana hotuna da takardun da kake so a wani wuri don hirarrakin ba lallai su biyo ka ba, ka goge shi, ka sauke na asali, sannan ka shiga Play Store ka kunna Play Protect ya bincike wayar gaba ɗaya. In bayan haka ka ga wata matsala ka sake rubuto min da sunan wayar.