Tambayoyinku kan waya: cefanen araha, kwalbar inabi da yaron da ke son yin suna a TikTok

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo min kan cefane ne, ga alama wata ya yi nisa riyal ya fara buya a aljihu. Na zaɓi shida, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Malam ni uwar 'ya'ya shida ce a Rusaifa nan Makka. 'Yata ta saka min manhajar cefane a jawwal, sai na ga shinkafar da nake saya a kanti ta fi tsada a ciki, kuma wai har da jan rubutu an yi ragi. Ko wayar ce ta lalace?

Amsa: Hajiya wayarki lafiyarta ƙalau, waya ba ta ƙara wa shinkafa kuɗi. Manhajar tana cin kamashonta a hannun kanti, mandubin da zai hawo miki bene da buhu shi ma ba don Allah kaɗai yake yi ba, duk a jikinki ake fanshewa. Ki daina kallon jan rubutu, ki zuba kayan a kwando ki wuce shafin ƙarshe kafin biya, a nan kuɗin kawowa da kuɗin hidima suke fitowa. Sannan abin da kullum nake faɗa, ki buɗe kalkuletar waya ki raba kuɗin da kilo. Misali buhu mai kilo 5 a riyal 32 kilo ya kama 6.4 kenan, mai kilo 10 a riyal 70 kuwa kilo ya kama riyal 7, kin ga babban da ake ta yi masa talla shi ya fi tsada. Panda, Othaim, Lulu da Bin Dawood duk suna saka ragin mako a manhajojinsu, ki duba a gida ki rubuta, ki tura yaran su ɗauko da ƙafarsu tunda Allah Ya ba ki shida.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. Na sayi wata kwalbar ruwan inabi mai araha a baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa, mai dogon wuya da takarda ruwan zinare a baki, zan yi wa baƙi walima. Da na haska ta da kyamarar Google Translate sai ta rubuta min giya. Na tsorata na juye ta a makwarara. Dama ana sayar da giya a ɓoye haka?

Amsa: Haba ɗalibi, kana karanta nahawu da sarfu safe da yamma amma rubutun Larabci layi biyu a jikin kwalba sai ka kira Google ta karanta maka? Ba a sayar da giya a baƙala, an hana ta a ƙasar nan tun 1952 zamanin Sarki Abdul'aziz, shagon da aka buɗe a 2024 kuma yana unguwar jakadu a Riyad ne, ba inda ni da kai muke cefane ba.

Ga abin da nake kyautata zaton ya faru. Ina jin barin manhajar ka yi ta gano harshen da kanta, to kalmar sharab a Larabci abin sha ce kawai, amma a Farisanci da Urdu da rubutu iri ɗaya giya take nufi, in manhajar ta ɗauka ɗaya daga cikinsu ne shikenan ta jefa ka cikin tashin hankali. Ka zaɓa mata Larabci da hannunka. Ka nemi inda aka rubuta khalin minal kuhul, wato babu barasa, ko 0.0%, ka karanta abubuwan da aka haɗa, in kana son ƙarin natsuwa ka sauke Tameni ta hukumar abinci da magunguna ka haska lambar jikin kwalbar. Iri biyu ne dai a kasuwa, akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, akwai kuma wanda aka fara tsimawa sannan aka cire masa barasar, hukuncin na biyun ba fannina ba ne, malaman fiƙihu na kewaye da kai. Ni in ka tambaye ni ɗanɗano, masu arahar da na taɓa kurɓa yawanci sukari ne da gas, kwalbar kake saya. Ka sayi karkade wajen masu kayan ƙamshi ka haɗa zoɓo da citta da kanumfari, baƙinka 'yan gida sai sun fi yi maka addu'a.

Tambaya: Yaya ni matashi ne a Jidda, ina son buɗe shafi a TikTok ina gwada kayan abinci masu araha, taliyar 'yan yara, tuna ta gwangwani, biskit na shagunan abu riyalain masu kayan riyal biyu, lemuka, ina faɗa wa mutanenmu mai kyau da marar kyau da Hausa. Zan riƙa shiga kanti ina ɗauka, in na ga wanda ya lalace in tona musu asiri. Wace waya da wane makirfo zan saya?

Amsa: Ƙanena wayar da ke hannunka ta isa. Ka goge gilashin kyamarar da gefen riga, ka zauna kana fuskantar taga, ka sayi ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, ka kashe AC lokacin ɗauka. An gama da wannan.

Yanzu ka zauna mu yi maganar da ba ka tambaya ba, don ita ce take hana ni barci duk lokacin da na ga yaranmu da waya a sama cikin kanti. Shawarar taka mai kyau ce wallahi, iyayenmu da yawa ba sa karanta abin da ke jikin gwangwani, ba su san bambancin ranar intaj da ranar intiha ba, wato ranar da aka yi kaya da ranar ƙarewarsa, in aka samu mai yi musu bayani da harshensu an taimake su. Amma kalmar nan da ka rubuta, tona asiri, ita ce za ta iya kai ka inda ba ka shirya ba. Kana kallon bidiyon 'yan Amurka da Ingila suna shiga kanti suna zagin kaya suna dariya, ka ɗauka ko'ina haka ne, nan ba haka ba ne. Dokar laifukan intanet ta 2007, sashe na 3, ta ambaci abu biyu da suka shafe ka kai tsaye, keta sirrin mutane da kyamarar waya, da ɓata suna ta hanyar na'ura, hukuncin kuma yana kaiwa ɗaurin shekara 1 ko tarar riyal 500,000 ko duka biyun. Ka lissafa gwangwanin tuna nawa ne wannan. Kai kana ɗaukar shelf, a bayanka ga matar mutane da yaranta suna zaɓen tumatir sun shiga bidiyon, ga ma'aikacin kanti fuskarsa ɓaro-ɓaro, kai ba ka ma lura ba sai da ya yaɗu, kuma in ya yaɗu gogewa ba ta da amfani don wani ya riga ya sauke. Ka ce kanti kaza yana sayar da ruɓaɓɓen kaya, mai kanti yana da lauya kai kana da me? In kuma igama gare ka, wato katin izinin zama, ba ɗan ƙasa ba, ka san ba a tara kaɗai maganar take tsayawa ba, kuma ba kai kaɗai za ta taɓa ba, akwai mahaifiyarka da ƙannenka da suka dogara da zamanka.

Sai na biyu wanda yara ba sa ɗauka komai ba. Ranar da mabiyanka suka kai wani adadi, mai baƙala ko mai kawo lemo zai ba ka katan biyu kyauta ya ce ka ɗan ambace shi, kai a ganinka alheri ne, a wajen hukuma talla ce. Tun 2022 mai yin talla a shafinsa sai da lasisin Mawthooq, riyal 15,000 na shekara 3, kuma a shekarar hukumar kula da kafofin watsa labarai ta fito ta ce baƙi mazauna da masu ziyara ba su da izinin talla a shafukan sada zumunta ba tare da lasisi ba. Katan biyu na lemo fa. Garin neman gira kar a rasa ido.

To ya za ka yi? Ka sayi kayan da kuɗinka, ka kawo gida, ka ɗauka a kan tabarmarka ba kowa a bayanka. Ka faɗi abin da harshenka ya ji, gishiri ya min yawa, man ya fi kifin yawa, na auna bayan na tsiyaye ruwan ga abin da ya rage, wannan ra'ayinka ne da awonka kuma shi ne ma abin da mutane ke buƙata, ba ihu ba. Ka nuna gram nawa ne, ka raba da kuɗin a gaban kyamara, ka koya wa iyayenmu inda ake duba kwanan wata, ka gaya musu kayan da aka zabge wa kuɗi sosai su fara duba ranar ƙarewarsa kafin murna. In ka ci karo da abin da ya lalace ko farashin shelf ya saɓa da na kashiya, kar ka ɗora a TikTok, akwai manhajar Balagh Tijari ta ma'aikatar kasuwanci ko ka kira 1900, maganar tsafta da ruɓaɓɓen abinci kuma ka kira baladiyya, wato hukumar birni, a 940. Can hoton naka hujja ne, a TikTok kuwa hujja ce a kanka.

Kuma don Allah fatura, wato rasit. Ban san sau nawa zan faɗa ba, ka ɗauki hoton fatura tun kana bakin ƙofar kanti, takardar nan rubutunta gogewa yake cikin zafin Jidda, bayan 'yan makonni farar takarda za ka tarar. Ka buɗe mata albam nata daban a waya. Tun Disamba 2021 faturar kanti tana zuwa da lambar QR, manhajar hukumar zakka da haraji tana karanta ta, za ka ga sunan mai sayarwa da lambar harajinsa da harajin 15% ɗin da ka biya. Ni ko ruwan riyal ɗaya na saya sai na ɗauka, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san sai na sa shi ya koya.

Tambaya: An turo min saƙo a WhatsApp wai wani babban kanti yana rabon katin cefane na riyal 500 don bikin cikarsa shekaru, na cike sunana da lambar katin bankina na mada, yanzu suna neman lambar da banki ya turo min. In ba su?

Amsa: A'a Baba. Ka kira bankinka yanzun nan da lambar da ke bayan katin su rufe shi, kafin ka gama karanta shafin nan. Mai ba ka kyauta ba ya buƙatar lambar cire kuɗi, banza ba ta kai zomo kasuwa. In ta SMS irin wannan ya zo a tura shi 330330. Kuma ka koma rukunin da ka riga ka tura wa, don na san ka tura, ka ce musu ƙarya ne.

Tambaya: Malam ina son kallon bidiyon Turawa masu gwada abincin kanti mai araha a YouTube don ina koyon girki, to yanzu sai ya dinga kawo min masu gwada giya mai araha, kuma yara suna ɗaukar wayar. Ya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa a can ƙasashen abincin da kwalbar a kanti ɗaya ake sayensu, masu kallon wannan su ne masu kallon wancan, shi ya sa na'urar ta haɗa ki da su. Ki danna ɗigo ukun da ke gefen bidiyon ki zaɓi ba kya sha'awa, in tasha ce gaba ɗaya ki ce kar a sake kawo ta, sannan ki shiga tarihin kallo ki goge waɗanda kika buɗe bisa kuskure, ko da na daƙiƙa biyar ne. A saitin tallace-tallace na asusun Google akwai wajen batutuwa masu tsauri, ki rage na giya da caca. Yara kuma ki saka musu YouTube Kids su daina shiga asusunki, rabin abin da kike gani ma yatsunsu ne suka jawo shi.

Tambaya: Wai gaskiya ne in lambar jikin kaya ta fara da 615 daga Najeriya aka kawo shi? Ina neman kayan gida na asali.

Amsa: 615 ta Najeriya ce, 628 Saudiyya, 629 Imarat, 622 Masar, amma lambar tana nuna inda kamfanin ya yi rajista ne kawai, ba inda aka sarrafa kayan ba. Ka juya kwalin ka karanta ƙasar da aka rubuta. Daddawa da kuka da yajin da kake nema kuwa ba su da wata lamba, ka gangara titin Shara Mansur a Makka ka shinshina da hancinka.